Sharhi: G418 da puromycin wajen tace ƙwayoyin ES na ɓera

Mun yi aiki da magungunan biyu a ɗakin gwaji nan Sakkwato, kan ƙwayoyin asali na ɗan tayin ɓera (ES), don tace waɗanda suka karɓi DNA da aka shigar musu. G418 ya fi haƙuri da kuskure, puromycin ya fi sauri, kuma a garinmu saurin yana da daraja.

G418 yana barin ƙwayoyin da suka karɓi neo, wato yankin DNA da ke sa su jure shi, ya kashe sauran. Ana zuba shi awa 24 bayan shigar da DNA da bugun lantarki, maikurogiram 200 zuwa 300 a kowace mililita, ana sauya ruwan reno kullum. Mutuwa ba ta bayyana sosai sai kwana na 3 ko na 4, tsinto curin ƙwayoyi kuma sai kwana na 8 zuwa 10. Inda ake yawan faɗawa rami shi ne awo: garin maganin ba tsantsa ba ne. Idan takardar kwalbar ta ce ƙarfinsa maikurogiram 700 a kowane miligiram, wanda ya auna 300 a sikeli ya zuba 210 ke nan. Sabuwar kwalba, sabon gwajin kisa don gano awon da ke kashe ƙwayoyin, babu gajeriyar hanya. In faranti ya cika maƙil kuma, maganin ba ya cin ƙwayoyin da suka daina rabuwa, sai ka tsinci curi na bogi.

Puromycin, mai tafiya da pac (yankin DNA da ke sa a jure shi), maikurogiram 1 zuwa 2 a kowace mililita ya isa, cikin kwana 2 zuwa 3 ya share faranti. Sai dai ba ya yafiya: in pac ɗinka bai yi ƙarfi ba, har na kirki yana kwashewa. Ajiyarsa a sanyin digiri -20 ne, kashi-kashi, don kada a riƙa narkarwa ana daskarewa.

Ko wanne aka zaɓa, a duba shimfiɗar MEF, wato ƙwayoyin tallafi da ake renon ES a kansu. Wadda ba ta jure maganin za ta mutu ta ɗaye, curin ya bi ta. Ta nau'in ɓeran da ake kira DR4 tana jure G418, puromycin, hygromycin da 6-thioguanine.

A watan Afrilu, zafi ya haura 40, wuta na zuwa tana ɗaukewa, kowace ranar da faranti ya ƙara a inkubeta haɗari ce. Shi ya sa muke fifita puromycin in dai firiza na kan sola. Wanda nasa plasmid, wato zoben DNA da ake shigarwa, ya riga ya zo da neo da HSV-tk (yankin DNA da ke sa maganin ganciclovir ya kashe ƙwayar da ke ɗauke da shi), ya riƙe G418, ya haɗa da ganciclovir maikuromola 2.