Neman tarihin kaka tsohon soja: ina za ka kai kuɗinka, ina za ka riƙe aljihunka

Kusan kowane gida a zangon Kumasi, nan Gana, akwai labarin wani tsoho da ya je ƙasar Bama (Burma) a yaƙin duniya na biyu. Namu kakana ne na wajen uba. Ban riske shi ba. Abin da na taras shi ne mindodi uku a cikin gwangwanin alewa, da hoto ɗaya da ruwa ya cinye gefensa, sai kuma Goggo da ke cewa in ya ji ƙarar jirgi yakan bar tuwo ya fito tsakar gida ya yi ta kallon sama. Shekara biyu na yi ina bin sawunsa, na zubar da kuɗi inda bai kamata ba. Tunda 'yan uwa daga Aboabo har Asawase sun dame ni da tambayar wace hanya ce ta fi, ga yadda na auna su.

Kada ka kashe ko sidi ɗaya sai ka samo lambarsa ta soja. Suna kaɗai ba ya kai mutum ko'ina. Turawan da suka ɗauki iyayenmu aiki ba su damu da sunan uba ba, sunan yanka suke rubutawa su liƙa masa ƙabila ko gari: Moshi, Gurunshi, Frafra, Wangara, Kano, Sakkwato. A yaƙin duniya na biyu mutum kusan 65,000 aka ɗiba daga ƙasar nan, to ka ƙiyasta Musa nawa ne a ciki. Ga rubutun ma kowane akawu da nasa, Ibrahim ya koma Braimah, Muhammadu ya koma Mama. Lambar ita ce ba ta da tagwai. Ta sojan ƙasar nan takan fara da GC, wato Gold Coast, sunan Gana a lokacin, ta wanda ya shiga a Najeriya da NA, kuma wannan bambancin zai hana ka ɓata kuɗin mota, domin mai NA fayil ɗinsa ba ya Gana. Ka nemi lambar a littafin sallama, ko takardar fansho, ko bayan tsohon hoto. Tamu a ƙasan adakar Goggo ta fito, naɗe cikin tsumman atamfa tare da takardar filin gida. Sai da na yi mata zuwa uku da goro kafin ta yarda a sauko da adakar daga kan kabad.

Da lamba a hannu, hanyar da nake yaba wa kowa ita ce ofishin ajiye bayanan soja da ke Burma Camp a Ankara, babban birni. Dalilin mai sauƙi ne, amma mutanenmu ba sa son yarda da shi: fayil ɗin baƙar fatar da ya shiga soja a nan, a nan aka bar shi. Ba a kwashe shi zuwa Landan ba. Takardar da aka cike ranar da mutum ya shiga tana ɗauke da abin da ba za ka samu a wani wuri ba: garin haihuwa, ƙabila, addini, sana'ar da yake yi kafin kaki, shekarunsa bisa ƙiyasi, tsayinsa, har faɗin ƙirjinsa. Masu bincike a jami'o'in Turai sun zo har nan sun yi amfani da dubban irin waɗannan takardu don auna tsayin mutanen da, su gane yadda abinci da rayuwa suke a lokacin. Baƙo ya san darajar abin, mu masu shi muna can muna tura kuɗi ƙetare.

Barikin soja ne, ba kasuwar Kejetia ba, don haka kada ka tashi haka kawai ka je ƙofa. Ka rubuta wasiƙa da Turanci mai ɗauke da sunansa yadda yake a takarda, da lambarsa, da dangantakarka da shi. Ka riƙe katin ɗan ƙasa da kwafin littafin sallama, asalin kuwa ka bar shi gida. Kafin tafiya ka biya ofishin VAG, hukumar kula da tsofaffin sojoji, ka gaishe su ka nemi shawara. Tsofaffin da ke zama a wurin sun san ƙofofin gidansu, kuma in ka iya "barka da hutawa, Baba Samanja" za ka ji labarin da babu shi a fayil. Kuɗin da wannan hanya ta ci mini na mota ne da na kwana a gidan ɗan uwa a Nima, sai haƙuri.

Ranar da na ga takardar kakana sai da na nemi wurin zama. Mu a gida Bakano muka san shi, ashe a can an rubuta wani ƙauye ne na ƙasar Zabarma. Sana'a: ɗan dako. A wurin sa hannu kuwa dangwalen babban yatsa ne, tawadar ta ɗan zarce layi. A ƙasa aka rubuta bataliya ta 7.

Wannan bakwai ɗin ita ta buɗe sauran. Bataliya ta 5 da ta 7 da ta 8 na rundunar ƙasar nan suna cikin runduna ta 81, wadda aka kafa a 1943, mai tambarin baƙin gizo-gizo. Ta 1 da ta 2 da ta 3 kuwa suna cikin runduna ta 82, mai tambarin mashi biyu a giciye bisa gammo, kuma su ne tun farko suka yi yaƙi da Italiya a gabashin Afirka a 1940 da 1941. Shi ya sa muke da filin wasa na El Wak a Ankara da barikin Uaddara a nan Kumasi, duk sunayen fagen fama ne. Runduna ta 81 ita aka tura kwarin Kaladan a Bama, daji da duwatsun da mota ba ta shiga, inda daga jirgin sama ake jefo musu abinci da harsashi. Da na karanta wannan na tuna tsohon da ke barin tuwo ya kalli sama.

Gidan ajiye takardun gwamnatin Ingila da ke Kew a Landan shi ne na biyu a wurina, amma sai bayan ka san bataliya. Abin da suke da shi littafin yau da kullum ne na kowace bataliya: yau an tashi daga nan, gobe an yi arangama a can. Na Bama suna cikin rukunin takardu mai lamba WO 172. Sai dai hafsoshin Turawa ne ke cika shafukan, farabiti baƙar fata ba kasafai ake ambatar sunansa ba sai ya mutu ko ya yi wata bajinta. In kakanka ya sami lambar jarumta, takardar da aka nema masa ita tana cikin WO 373, kuma ana iya sauko da ita ta intanet. Shiga wurin kyauta ne, ana barin mutum ya ɗauki hoton shafi, don haka in kana da ɗa ko ƙani a Landan ka roƙe shi wuni guda. Ɗaukar mai bincike da fam ɗin Ingila sai mai hali.

In kakan bai dawo ba, ka fara da shafin CWGC, hukumar kula da kaburburan yaƙi, kyauta ne. Suna da sunan wanda ya mutu daga 1939 zuwa ƙarshen 1947, ko yana maƙabartar sojoji ta unguwar Osu a Ankara, ko yana cikin sunaye kusan 27,000 da aka sassaƙa a bangon tunawa na Rangun a Bama. Wanda ya dawo da ransa ba ya ciki. PRAAD, ma'ajiyar takardun gwamnatinmu, ta fi amfani ga mai son sanin yadda aka yi ɗibar sojan da rigingimun tsofaffin sojoji bayan yaƙi, ba labarin mutum ɗaya ba. Gidan tarihin soja da ke tsohuwar ganuwar Kumasi kuwa wurin kai yara ne su ga bindigogi da hotuna. Shafukan intanet masu karɓar kuɗin wata-wata don jikokin Turawa aka gina su, na biya wata uku ban ga ko inuwar kakana ba.

Sai mu zo kan 'yan goro, wato dillalai masu cewa za su nemo maka takarda, inda na ƙone. Wani mutum ne aka haɗa ni da shi a wurin suna, mai tsabta, jaka a hammata, ya ce yana da ɗan uwa a "ofishin soja na Landan". Ya karɓi kuɗi sau uku: na buɗe fayil, na hatimi, na aikowa. Bayan wata biyu ya kawo takarda mai sheƙi an manne ta cikin leda, da jan hatimi, da sunan kakana da manyan haruffa. Gida ya ɗauki murna, Kawu har ya sa aka yi mata gilashi. Wani malamin makaranta maƙwabcinmu ne ya zo gaisuwa, ya tsaya gabanta ya gyara tabarau, ya ce, "Alhaji, wannan takarda ta ce 1945, amma ga sunan Gana a sama. Gana sai 1957 aka haife ta." Ya kuma nuna hoton Sarauniya Elizabeth a kusurwa, alhali a 1945 mahaifinta Sarki Joji na shida ne kan gado, ita sai 1952 ta hau. Lambar mutumin ta daina shiga tun daga ranar.

Ga alamominsu, don na ƙara haɗuwa da irinsa har biyu daga baya. Ba sa tambayar lambar soja, suna kawai suke karɓa, alhali mai aikin gaskiya lambar zai fara nema. Kakan kowa a wurinsu samanja ne ko jarumin yaƙin Myohaung na Bama, ba su taɓa gano ɗan dako ko kuku ba, ko da yake dubban mutanenmu kaya suka yi ta ɗauka a ka cikin dajin Bama. Mafi muni su ne masu cewa akwai kuɗin diyya da ke jiran iyali a Ingila, a kawo na cike fom. Wannan ƙarya tana kamawa ne don tana da ƙafa cikin gaskiya: an ba baƙaƙen sojoji kuɗin sallama ƙasa da na Turawa, kuma kan haƙƙinsu ne tsofaffin sojoji suka yi tattaki zuwa fadar gwamna ranar 28 ga Fabrairu 1948, aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey a mararrabar Osu. Amma tallafin da ke zuwa na tsohon sojan da ke raye ne ko matar da ya bari, ta hannun hukumar tsofaffin sojoji, ba ta wayar wani baƙo ba.

Mindodi ma ka yi hattara da su. Na yaƙi na biyu, irin tauraron Bama da tauraron Afirka, Ingila ta raba su ne ba suna a jiki, don haka kowa na iya sayo ɗaya ya ce na kakanka ne ya gano. In ma ka ga an zana suna a kai, ka tambayi wa ya zana. Na yaƙin farko, na 1914 zuwa 1918, su ne ke da suna da lamba a gefe ko a baya, haka ma lambobin jarumta. In a gidanku akwai irin waɗannan, ka samo gilashin ƙara girma ka duba bakin mindar, wataƙila lambar da kake nema tana nan. Akwai kuma masu bin gidajen tsofaffi suna cewa a ba su littafin sallama za su "kai a sabunta". Kada ka saki asali ga kowa. Ka ɗauki hoton kowane shafi da waya, ka mayar wa mai adaka abinta a gabanta.

Takardar bogin tana nan rataye a ɗakin Kawu har yau. Na kai masa kwafin ta gaskiya, ya juya ta gaba da baya, ya ce wannan ba ta da ko hatimi mai kyau, kuma shi bai yarda ubansa ɗan dako ba ne.