Faɗaɗa muƙamuƙin sama ga babba ba tare da tiyata ba: me ya kamata ɗan Kebbi ya zaɓa?

A baki mai lafiya, turamen sama ne ke ɗan rufe na ƙasa ta waje idan an cije. Wanda muƙamuƙinsa na sama ya tsuke kuwa, turamensa na sama kan faɗa ciki, ganɗarsa ta yi zurfi, haƙoran gaba su hau juna, wani ma da baki yake numfashi idan ya yi barci. Ga yaro gyaran mai sauƙi ne, domin ƙashin ganɗa ɓari biyu ne da suka haɗu a wani ɗinki a tsakiya, kuma ɗinkin bai kama ba tukuna. Bayan balaga sai ya riƙa sarƙewa yana tauri. Saboda haka duk abin da za a sayar wa babba, tambayar farko ita ce: wannan ƙashi zai buɗe, ko haƙora kawai zai tura?

Ga bambancin. Idan ka tura dirkokin danga waje, saman zai baje amma filin yana nan yadda yake, gindin dirkar kuma ya yi rauni. Haka haƙori yake. Ƙashin da ke rufe saiwar turmi ta gefen kunci siriri ne ƙwarai. In an matsa wa haƙorin fiye da kima sai saiwar ta kusa fita daga ƙashin, dasashi ya janye, haƙori ya fara jin sanyi, daga baya ya soma girgiɗi.

Wayar haƙori da robar nan mai haske da ake sawa a cire, irin su Invisalign, haƙora suke turawa. Ba aibu ba ne in tsukewar kaɗan ce, ta milimita biyu ko uku, kuma dasashi na da kauri. Robar sai an sa ta awa 20 zuwa 22 a yini, a cire lokacin cin abinci. Mai cin goro ko yawan shan shayi da rana zai sha wahala da ita. Ƙashin ganɗa dai ba sa taɓa shi.

Sai na'urar Hyrax, wadda ake ɗaure wa turame, da sukuru a tsakiya da ake murzawa da ɗan mabuɗi. Ita ce ta yara, kuma a wurinsu tana aiki sosai. A bakin ɗan shekara 25 ƙarfinta duka a kan haƙora yake ƙarewa: zafi, turame su karkata, ɗinkin kuma ko gezau. Ba ma ba babba shawarar ya karɓe ta, kome arahar da aka yi masa.

Abin da ake tallatawa a intanet da sunan "tsiro da sabon ƙashi" ya fi wannan haɗari. A watan Maris na 2023 hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta fitar da sanarwa kan wasu na'urori irin su AGGA da ake sa wa manya, bayan rahotannin ciwo mai daɗewa, bajewar haƙora, bayyanar saiwa, zaizayar ƙashi da zubewar haƙori. Danna harshe a ganɗa da matasa ke koyo a TikTok shi ma ba ya buɗe ɗinkin babba.

Hanyar da ke buɗe ƙashi da gaske ba tare da an shiga ɗakin tiyata ba ita ce MARPE. Likitoci a Koriya ta Kudu ne suka bayyana ta a 2010, sannan Dakta Won Moon ya fito da samfurin da aka fi sani, MSE. Dabarar ita ce a kafa na'urar a kan ƙashin kansa. Ana yin allurar kashe zafi a ganɗa, a ɗaura ƙananan sukurori, galibi huɗu, biyu a kowane gefen ɗinkin. Kaurin kowanne bai kai milimita biyu ba, tsawonsa kuma wajen milimita 11 zuwa 13. Tsawon nan da dalili: ana so sukurun ya ratsa ƙashin ganɗa ya kama har ɓawon ƙashin da ke daɓen hanci. In ɓawon ganɗa kawai ya kama, bai kai na hanci ba, da ƙarfi ya taru sai ya kwanta ko ya lanƙwashe maimakon ya raba ƙashin. Rashin nasara na iya farawa daga nan, ko daga kafa na'urar a inda ƙashi ba shi da kauri.

Murzawar a gida ake yi, sau ɗaya ko biyu a rana, ko yadda likita ya ƙayyade. Kowace murza tana buɗe tsakanin milimita 0.13 zuwa 0.25, gwargwadon samfurin. Kada a ƙara ko ɗaya don gaggawa. Alamar nasara ita ce wushirya: haƙoran gaba biyu na sama su rabu, yawanci cikin makonnin farko. A nan Kebbi wushirya ado ce, amma wannan ba ta zama, takan ragu da kanta, waya ta ƙarasa rufe ta. In an yi ta murzawa babu wushirya, sai zafi da karkacewar turame, a tsaya a koma wurin likita. Wani lokaci yakan yi ƙananan huji a kan ɗinkin don ya sassauta shi, a sake gwadawa.

Bayan an kai faɗin da ake so, na'urar za ta zauna a baki wata uku zuwa shida don sabon ƙashi ya cike tsagin. Cire ta da wuri na mayar da aikin baya. Daga nan sai wayar haƙori, wadda kan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu. A wannan lokacin rake, ƙanzo, kilishi mai tauri da tauna ƙashi sai a haƙura. Kwanakin farko kunu da fura da fate ne abinci. Tuwo da zaren nama kan maƙale tsakanin na'urar da ganɗa, in ba a wanke da ƙaramin buroshi da ruwan gishiri mai ɗumi ba, naman da ke kewaye da sukurorin ya kumbura, sukurun ya yi sako-sako. Mai shan sigari da mai ciwon suga da bai daidaita ba sun fi fuskantar wannan.

Wa ta fi yi wa aiki? Matasa daga ƙarshen shekarun goma sha zuwa ashirin da wani abu. Nasarar na raguwa da shekaru, kuma ƙashin maza ya fi na mata gardama. A bakin wani, gefe ɗaya ne ke buɗewa fiye da ɗayan, gindin hanci ma kan ɗan ƙara faɗi. Da yawa suna jin iska ta fi shiga hanci, amma mai minshari da ɗaukewar numfashi cikin barci yana bukatar binciken kansa daban.

Shi ya sa muke cewa kuɗin farko a kashe shi a kan hoton CBCT, wato hoton ƙashi da ake ɗauka ta kowace fuska, wanda ke nuna yanayin ɗinkin, kaurin ganɗa da ƙashin da ke kewaye da saiwoyi. Duk wanda ya yanka maka farashi bai ga wannan hoton ba, kada ka ba shi bakinka. A fara da sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, a wanke haƙora, a cike rami, a yi maganin dasashi, sannan a nemi takardar turawa zuwa ƙwararren mai daidaita haƙora. Irinsu kaɗan ne a Arewa, don haka tafiya Sakkwato, Zariya, Kano ko Abuja na iya kamawa. A tabbata yana da rajista da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista a Nijeriya, a tambaye shi manya nawa ya yi wa wannan aikin, ya nuna hotunan ƙashi na kafin da bayan.

Nisa ma kuɗi ne. Mutumin Yawuri ko Zuru ya lissafa kuɗin mota da masauki, domin a makonnin murzawa likita zai so ganinsa akai-akai, kuma sukurun da ya saki ba ya jiran ƙarshen wata. Kayan daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala, saboda haka a nemi a rubuta abin da kuɗin ya ƙunsa: hoto, na'ura, sauya sukuru, wayar haƙori, da abin riƙe haƙora na ƙarshe. A kuma yi magana tun farko kan abin da za a yi in ɗinkin ya ƙi buɗewa. A irin wannan hali abin da ya rage shi ne SARPE, inda likitan tiyatar muƙamuƙi ke tsaga ƙashin kafin a murza, kuma a rubuta nawa ne daga cikin kuɗin da aka biya zai shiga wancan lissafin.