Furen okid a cikin ɗaki: ya ci kuɗinsa, amma sai an dace da taga

Furen okid mai kama da malam-buɗe-littafi, wanda masana tsirrai ke kira falenofsis, yana da tsada idan aka kwatanta da sauran furannin da ake sayarwa a bakin titi. Ni dai tun da na saye shi nake kiwonsa a gidana a Kano, ya ga bazara, ya ga damina, ya ga hunturu, kuma ban yi da-na-sanin kuɗina ba. Furen da ya zo da shi ya haura wata biyu bai zube ba. Abin da nake so mai niyyar saya ya sani shi ne, ran wannan shuka a hannun taga yake.

Asalinsa daga dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, irin su Indonesiya da Filifin da Taiwan. A can ba a ƙasa yake tsirowa ba, manne wa jikin bishiya yake yi, ganyen bishiyar na tace masa rana. Shi ya sa ake sayar da shi cikin ɓawon itace ko gansakuka maimakon ƙasa, shi ya sa kuma yake son haske mai yawa amma ba ya jure rana ta dake shi kai tsaye. Masu kiwonsa suna neman hasken da ya kai luks (ma'aunin ƙarfin haske) 10,000 zuwa 15,000. Ranar tsaka a waje tana kai luks 100,000, tsakiyar falo kuwa sau da yawa ko 500 ba ya kaiwa. Wato teburin tsakiyar falo, inda kowa ke sha'awar ɗora shi don baƙi su gani, duhu ne a wurinsa. Zai yi ta zama kore shar, amma fure ba zai sake fitowa ba.

Inda nake da ƙorafi shi ne 'yar takardar da aka maƙala masa mai bayanin inda za a ajiye shi. An rubuta ta ne don mutanen Turai, inda rana ke zama ta kudu duk shekara, tagar arewa kuma kusan ba ta ganin rana. Mu nan lissafin ya bambanta. Kano na kan digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka daga ƙarshen Afrilu zuwa bayan tsakiyar Agusta ranar tsaka tana karkata ta arewa, sauran watannin kuma ta koma kudu. Tagar kudu da ke da inuwa a watan Yuni, idan Disamba ya zo rana za ta riƙa shigowa ta cikinta sosai. Mai sayarwar ma bai yi mini wannan bayanin ba, abin da ya ce kawai shi ne kada in sa shi a rana. Gaskiya ne, amma bai isa ba.

Tagar gabas ce ta karɓe shi a wurina. Yana samun ranar sassafe mai laushi, kafin hantsi ya dubi ludayi ta haye saman rufi. Na sa labule fari mai shara-shara tsakaninsa da gilashi, na kuma ja shi baya kamar kamu biyu, saboda a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40, gilashin kansa yana ɗaukar zafi. Tagar yamma kam ban ba kowa shawara ba. Ƙanwata ta ajiye nata a can, ranar la'asar ta ƙona masa ganye, wurin ya yi fari sannan ya bushe ya yi baƙi. Ƙunar ba ta warkewa, ganyen haka zai zauna da tabonsa, ga shi shukar ba ta wuce sabon ganye ɗaya ko biyu a shekara.

Ba sai da na'ura ake gane hasken ba, ko da yake akwai manhajar waya da ke ba da kimantawa. Ki miƙa hannunki tsakanin taga da ganyen. Idan inuwar ta fito da kaifi, hasken ya yi yawa. Idan da ƙyar ake ganinta, ya yi kaɗan. Inuwa mai laushi da har yanzu ana gane yatsu ita ake nema. Ganyen ma yana magana. Kore mai duhu sosai alamar ƙarancin haske ce, ɗorawa-ɗorawa ko ja-ja a gefe alamar ya yi yawa. Idan kin taɓa ganyen kika ji ɗumi, ki ja shi baya nan take.

Hunturu ne ya fi ba ni mamaki. Wannan fure ba ya fitar da karan fure idan zafi ya wuce digiri 28 a kai a kai, sai ya samu makonni na sanyi-sanyi, wajen digiri 25 ko ƙasa. Sanyin Disamba da Janairu ya yi masa wannan aikin kyauta, sai ga sabon kara ya leƙo daga tsakanin ganye. Da ya fito ban ƙara juya tukunyar ba, don karan bin haske yake yi, idan ana juya shi sai ya karkace. Sai dai hunturun na zuwa da nasa wahalar. Ƙura tana lulluɓe ganye da gilashi ta rage hasken, dole a riƙa gogewa da tsumma mai danshi. Iska kuma ta bushe ƙayau, don haka na ɗora tukunyar a kan faranti mai tsakuwa da ruwa, ba tare da gindinta ya taɓa ruwan ba. Kada kuma a sa shi inda iskar na'urar sanyaya ɗaki ke bugawa, tohon furen zubewa yake yi.

Tukunyar roba mai garai-garai da ya zo a ciki ta burge ni, domin ana ganin saiwar: idan kore ce akwai ruwa, idan ta koma ruwan azurfa lokacin ban-ruwa ya yi.

Wadda ke da tagar gabas a ɗakin da ba ya dafuwa da bazara, ta saya hankali kwance. Wadda tagoginta ke kallon katangar maƙwabta ko ke fuskantar yamma kaɗai, gara ta fara tanadar fitilar shuka ko labulen da zai tace rana kafin ta kai shi gida.