Sharhina kan ganin likitan zuciya a Gombe, bayan shekara biyu ana ce min ulsa ce

Ni tela ne, shagona yana Jekadafari, kuma abin ya fara min ne a goman ƙarshe na azumi sama da shekara biyu da suka wuce. Duk wanda ya san ɗinki ya san yadda lokacin yake, ba barci, ga shayi ga goro ga lemon nan na ƙara kuzari da yara ke shigo mana da shi. Wajen ƙarfe biyun dare ina kan keke ina haɗa wuyan wata riga kawai sai zuciyata ta ɗauka, ba a hankali ba, lokaci guda kamar an ta da janareta a ƙirjina, har a jijiyar wuya nake jin bugun. Gumi ya karyo min, jiri ya kama ni, na zame na zauna a ƙasa. Bayan kamar minti ashirin ta koma daidai, ita ma lokaci guda, kamar ba a yi ba.

Daga nan ya zama duk wata sai ya zo, wani watan sau biyu ko uku. Mai kemis na unguwarmu ya ce ulsa ce, na sha maganin ulsa har na gaji. Wani ƙaramin asibiti suka gwada jinina suka ce ba ni da hawan jini, damuwa ce, in rage tunani. Inna kuwa ta tsaya a kan iska ce, aka yi rubutu aka yi hayaƙi. Sau biyu aka yi min ECG, wato gwajin da na'ura ke zana bugun zuciya a takarda, duka biyun aka ce lafiya ƙalau, kuma wallahi wannan "lafiya ƙalau" ɗin ta fi komai ci min rai, don ka san abin da kake ji a jikinka amma takarda tana ƙaryata ka, har maiɗakina ta fara kallona kamar tsoro ne kawai ya yi min yawa.

Wani kwastomana ma'aikacin jinya ne ya ce in daina yawo in nemi kwansoltan na zuciya. Ya kwatanta min wani asibitin kuɗi a cikin gari inda likitan ke zama da yamma kwana biyu a sati. To a kan wajen nan nake son magana.

Zan fara da abin da bai min daɗi ba. Jira. An ba ni ƙarfe huɗu, ban shiga ba sai bayan isha'i, kuma ba wanda ya fito ya ce mana ga dalili. A layin akwai wani dattijo da aka kawo tun daga Bajoga ƙafafunsa a kumbure, akwai wata mata daga Kaltungo da ba ta san inda za ta kwana ba. Na san likitocin zuciya ba su da yawa a yankinmu kuma daga wani aikin yake zuwa, amma ko ba komai a riƙa faɗa wa mutane gaskiyar lokaci. Sannan kuɗin gwaje-gwaje ba a faɗa maka a dunƙule, sai ka biya wannan a ce saura wancan, ni sai da na koma gida na sake haɗo kuɗi.

Amma da na shiga, gaskiya na manta da jiran. Bai fara da rubuta magani ba, tambaya ya yi ta yi. Malam yaya yake farawa, a hankali ko farat ɗaya? Bugun a jere yake ko yana tsalle-tsalle? Har ya ce in ƙwanƙwasa masa a kan tebur da yatsa yadda nake jin shi. Ka taɓa suma? A danginku akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a yana matashi? Kana da asma? Sai ya faɗi maganar da ta warware min komai, ya ce ECG na 'yan sakanni kawai yake ɗauka, in an yi shi lokacin da zuciya ke kwance to ba abin da zai nuna, ɓarawo ne sai an kama shi hannu dumu-dumu. Shekara biyu ba wanda ya gaya min haka.

Ya tura ni gwajin jini, a duba ƙarancin jini da sinadarin fotasiyam da kuma tayirod, halittar nan ta maƙogwaro da ke kumbura ta zama maƙoƙo, don in tana aiki fiye da ƙima tana sa zuciya gudu. Aka yi eko, wato hoton zuciya irin sikanin da ake wa masu ciki, ya ce tsokar da ƙofofin duk lafiya. Sannan aka ɗaura min Holta.

Ita Holta 'yar na'ura ce ba ta kai waya girma ba, ana liƙa maka wayoyi a ƙirji ka tafi da ita gida awa 24 tana naɗar kowane bugu. Sai da aka aske min gashin ƙirji. Ba wanka, alwala dai ba matsala. Watan Afrilu ne kun san zafin Gombe, gumi ya yi ta ɓamɓare abin liƙawar, cikin dare maiɗakina ta riƙe min tocilan ina sake danna shi da filasta. An ba ni takarda in rubuta lokacin da na ji wani abu. Na kwana ina addu'ar abin ya zo, bai zo ba. Sakamako ya fito ba wani abin kirki sai 'yan bugun da ke riga lokaci, waɗanda ya ce masu lafiya ma suna yi. Kuɗin nan ya min ciwo, na ce ranka ya daɗe an koma gidan jiya ke nan.

Ya ce a'a. Ya rubuta min 'yar wasiƙa ya ce in ajiye a aljihu, duk sanda abin ya taso kar in zauna jira, in je wuri mafi kusa da ke da na'urar ECG in nuna musu su ɗauka nan take, in kuma ɗauki hoton takardar a wayata don rubutun yana gogewa. Sati uku bayan nan ya kama ni ina yanka shadda, yarona ya tare mana keke napep, muna isa nas ta karanta wasiƙar ba ta ɓata lokaci ba. Bugu 186 a minti ɗaya, alhali na mai lafiya in yana zaune tsakanin 60 ne zuwa 100.

Da ya ga takardar ya ce SVT ce. Ya zana min a bayan katina, ya ce zuciya tana da nata lantarkin, ni kuma akwai wata 'yar ƙarin hanya a ɓangaren sama da wutar ke shiga tana zagaye. Ya ce irin tawa ba kasafai take kisa ba, ta bambanta da wadda bugun ke hargitsewa, wadda ta fi kama manya kuma take iya jawo shanyewar ɓarin jiki, shi ya sa ba a ara maganin wani. Ya sa ni a kan bisoprolol ƙwaya ɗaya kullum, ya ja min kunne kar in yanke shi kai tsaye ko na ji sauƙi. Ya kuma koya min dabara da sirinji marar allura, in hura da ƙarfi sakan 15 sannan in kwanta a ɗaga min ƙafafu. Na gwada sau uku, biyu ta yi aiki. Amma ya ce in da suma ko ciwon ƙirji ko numfashi na sarƙewa, ba zancen sirinji, asibiti kawai.

Yanzu wata bakwai ke nan, abin ya ragu sosai duk da bai tafi ba, maganin kuma yana sa ni kasala da safe. Na bar lemon kuzari gaba ɗaya, goro sai jefi-jefi, kuma babbar Sallar da ta wuce na mayar da ɗinki da yawa don kar in kwana a shago, wasu kwastomomi sun ji haushi. Ya yi min maganar aikin da ake zura siririyar waya ta jijiyar matsematsi har zuciya a ƙone waccan hanyar, ya ce shi ba ya yi, waɗanda ya tura Legas suka je wasu kuma Misira ko Indiya, kuma kuɗi ne masu yawa. Ban kai nan ba tukuna.

Ko da jiran da kuɗin, ni dai zan sake komawa wajensa, kuma na riga na tura ƙanwar Inna da ke irin wannan kukan. Na ce ta tafi da duk tsofaffin takardunta da kwalayen magungunan da take sha, ta kuma ci abinci kafin ta je don zama za ta yi. Ni kuma ranar Talata mai zuwa zan koma a sake duba bugun.