Mazubin harsashin da na saya saboda farautar zomo, ga yadda muka kwashe

Jama'a in dai mazubi, wato abin da ake zuba narkakkiyar darma a ciki ta zama harsashi, aka rubuta masa .358, wato kaurin harsashin a ma'aunin inci, to ya kamata ya fitar da .358, ba wai mutum ya biya kuɗinsa sannan ya dawo yana gyaran aikin kamfani ba. Abin da ya same ni kenan da wannan mazubin na alminiyon mai ramuka da yawa, na harsashin wadkota mai nauyin giren 148 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), wanda na saya saboda libarba ta, ƙaramar bindigar hannu mai silinda mai juyawa, samfurin .38 Special.

Ga wanda bai sani ba, wadkota harsashi ne mai shafaffen kai, tun asali na harbin takarda ne a gasa, amma mafarautan ƙananan namun daji a nan Amurka suna sonsa don yana tafiya a hankali, ya huda rami tsaf bai dagargaza nama ba. Zomo ko kurege ai ba wani nama ne da su ba, ka sa musu harsashi mai fashewa sai dai ka kwashi fata. A jihar Misuri inda nake an yarda a yi farautarsu da libarba, lokacin zomo daga 1 ga Oktoba ne zuwa 15 ga Fabrairu, shi yasa na fara shiri tun da zafi.

Na narka darmata mai kyau, irin ta balansin ƙafar mota, sai da na zauna na tsince na tutiya ɗaya bayan ɗaya don guda ɗaya in ya narke a ciki ya ɓata maka tukunya. Harsasai suka fito fes suna ƙyalli, kai ka ce ka gama. Da na auna sai na ga .356, wasu ramukan ma ba su kai nan ba. Maƙogwaron silindar bindigata, wato bakin ramin da harsashi ke bi kafin ya shiga bututu, kuwa .358 ne, to harsashin da bai cika maƙogwaro ba iskar albarushi mai zafi tana bi ta gefensa tana narka shi, darmar ta liƙe a cikin bututu, kafin ka ankara harbi ya watse. A yadi 25 sai da tafin hannu biyu zaka rufe inda suka sauka, alhali kan zomo nake nema, ga kankare darma daga bututu da na yi ta yi har hannu ya yi ciwo. Wallahi ranar raina ya ɓaci sosai.

Amma fa in faɗi gaskiya, wani dattijo da muke haɗuwa a filin harbi ya ce kar in jefar, in gwada fentin gari. Ana kaɗa harsasan a cikin roba da garin fentin, a gasa a ƙaramin oben, wanda ba na abinci ba, kamar minti 20, kaurin ya ƙaru kaɗan sannan a matse su zuwa .358. Ikon Allah, harbi ya haɗu wuri guda, bututu tas ba darma, hayaƙi ma ya ragu tunda ba kakin shafawa. Albarushin dai abin da littafin ƙa'idar ɗura albarushi ya ce shi na bi ban ƙara ba. Zomayen da na samu bana duk a ka ne, naman lafiya lau, har maiɗakina da ke tsegumin warin gareji ta yi shiru. A lokacin sai na ji kamar in ba mazubin tauraro biyar.

Sai dai da na tuna saƙon da na tura wa kamfanin har da hoton awo, suka amsa min wai darmata ce ba kyau, abin ya dawo min sabo. Darmar nan fa ita nake zubawa a wani tsohon mazubin ƙarfe kuma tana fita daidai. Ga farantin da ke yanke saman zubin ya fara cin fuskar mazubin, sukurinsa kullum sai ka ɗaure. Tauraro uku, shima albarkacin dattijon nan ne. Wanda ke Kalifoniya kuma kar ma ya wahalar da kansa, tun 2019 aka hana farauta da harsashin darma a can.