Gargaɗi Kan Mai Sayar da Rabin Dalar Kennedy da Aka Kankare wa Haruffa

Ina jan hankalin masu tara sulallan Amurka, musamman rabin dala mai hoton Shugaba Kennedy, game da wani mai talla a Facebook da ya karɓi kuɗina ya aiko mini da kwandalar da aka yi wa aika-aika, kuma har yanzu tallarsa tana yawo.

Abin da ya tallata shi ne rabin dala ta 1972, bugun gidan buga kuɗi na birnin Denver, wadda ba ta da haruffan FG. Haruffan nan biyu farkon sunan Frank Gasparro ne, wanda ya zana bayan kwandalar, kuma suna nan tsakanin ƙafar mikiya da wutsiyarta. A wasu 'yan sulalla ba su fito ba, domin ma'aikatan gidan buga kuɗi sun goge hatimin ƙarfen da ake bugu da shi fiye da kima har haruffan suka shafe, kuma ƙarancin irinsu ne ya sa ake biyan kuɗi mai tsoka a kansu.

Da ta iso hannuna na duba ta da gilashi mai ƙara girma sau 10, sai na ga gurbin haruffan ya ɗan lotsa, ƙyallinsa ya saɓa wa na kewayensa, ga kuma ƙananan ƙarce da suka nutse cikin ƙarfen. A nan asirinsa ya tonu. Idan hatimin aka goge, layukan gugar tudu suke yi a jikin kwandala, tunda duk abin da ya nutse a hatimi tasowa yake yi a kuɗi. Ƙarcen da ya shiga ciki kuwa shaida ce cewa bayan an buga ta ne wani ya sa mata hannu.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne gidan robar da ta zo a ciki, wanda aka kwaikwayi na kamfanin NGC mai tantance sulalla. Na duba lambar takardar shaidar da ke cikin robar a shafin kamfanin kafin in biya, na ga akwai ta, hankalina ya kwanta, ban tsaya na gwada hoton da ke can da na tallar ba. Ashe lambar wata kwandala ta gaske aka kwafa. An rubuta mata daraja 64 cikin 70, alhali kumatun Kennedy da gashinsa sun side, kuma wadda ta sha hannu a kasuwa ba ta kai 60.

Mutumin yana kuma tallata ta 1974, bugun Denver, a matsayin mai rubutu biyu. A ta gaske, haruffan kalmar TRUST da ke fuskar kwandalar suna fitowa da kauri, bakinsu a rabe, domin a jikin hatimin ne rubutun ya ninku. Nasa inuwa ce shimfiɗaɗɗiya kamar matakala, wadda girgizar inji ke haifarwa lokacin bugu, kuma ba ta ƙara wa kwandala daraja.

Ya nace sai an tura masa kuɗi ta hanyar da ba a iya dawo da su, kuma da na aika masa hotunan ƙarcen sai ya toshe ni. Na kai rahotonsa ga Facebook da kamfanin da aka yi jabun gidan robarsa.