Alan Jones biyu a ƙungiyar Glamorgan

Ƙungiyar kurket (wasan buga ƙwallo da faffaɗan katako) ta Glamorgan, wadda ita kaɗai ce daga yankin Wales a gasar gundumomin Ingila, ta taɓa haɗa 'yan wasa biyu masu suna Alan Jones a lokaci guda. Dukansu bahagwai ne, kuma dukansu masu buɗe bugu, wato waɗanda ke fara buga wa ƙungiya ƙwallo a wasa. Dole ta sa aka riƙa rubuta ƙaramin da A. L. Jones, wato Alan Lewis Jones.

Babban, wanda aka haifa a 1938, ya buga wa Glamorgan daga 1957 zuwa 1983. Ya tara maki 36,049 a manyan wasanni, shekara 23 a jere yana haura maki 1,000, kuma da shi aka ci kofin gasar a 1969. Amma an yi masa ƙwange. A 1970 ya buga wa Ingila wasa da zaɓaɓɓun 'yan wasan duniya, aka ba shi hular ƙasa, wadda ake ba wanda ya wakilci ƙasarsa, daga baya hukumar kurket ta duniya ta ce wasan ba ya cikin lissafin wasannin ƙasa da ƙasa. Sai a 2020, bayan shekara 50, aka ba shi hula mai lamba 696.

Ƙaramin kuwa an haife shi a 1957, shekarar da takwaransa ya fara bugawa. Ya shigo a 1973 yana matashi, ya haskaka a 1984, ya bar wasa a 1986. Ba laifi, amma a ganina ko kusa bai kamo ƙafar babban ba.